Labarin tabon wuyana, daga gashin zomo har zuwa leza

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin, in fara in goge, in fara in goge, don abu ne da na fi shekara goma ina ɓoyewa a ƙarƙashin hijabi, ko ƙawayena na makaranta ba kowa ya sani ba. Abinda yasa na daure yau, wata yarinya ce 'yar ajina, ni malama ce ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, na lura kullum hannunta na hagu yana cikin hijabi ko rubutu take bata fito dashi, ranar na kirata ofis nace nuna min, wlh ina ganin bayan hannun naji kamar ni ce a tsaye a wajen. Tabon ƙuna ne ya taso yayi tudu. Nace me aka sa miki ranar da abin ya faru? Tace ƙwai da man goge baki. Sai kawai nayi shiru.

Ni nawa azumin 2014 ne, ina shekara goma sha biyar. Ana saura 'yan mintuna a sha ruwa ina suyar ƙosai, rishon yana kan wani ɗan benci a ƙofar kicin, na durƙusa zan ɗauko matsami da ya faɗi ƙasa, ƙanina ya kwaso da gudu ana binsa ya bangaji bencin. Kaskon gaba ɗaya ya juyo min. Wuyana ta ɓangaren hagu, kafaɗa, saman ƙirji, da ɗan fallatsi a damtse. Ban ma san nayi ihu ba sai daga baya ake faɗa min wai har layin baya an ji. Mai kuma ba kamar ruwa bane, ruwa a digiri 100 yake tafasa, man suya kuwa yana kaiwa 170 zuwa 190, kuma baya gangarewa ya wuce, mannewa yake yana cin fata, ga rigar da ke jikina ta shanye shi tana riƙe da zafin.

Kafin kace me gida ya cika. Kowa da maganinsa. Wannan tace a fasa ɗanyen ƙwai, aka fasa, waccan ta kawo man goge baki aka lafta, wata tace gishiri ne yake hana tashi. Ga randa cike da ruwa a gefe, ga famfo a tsakar gida, amma babu wanda yace a zuba min ruwa, hasali ma da na miƙa hannu wajen randar don raɗaɗi wata maƙociyarmu riƙe ni tayi tace kul, ruwa ne yake sa ƙuna ta tashi. Ban riƙe kowa a raina ba wlh, duk cikinsu babu wadda bata yi kuka ba ranar, iya abinda suka sani kenan. Sai da na girma na karanta cewa abinda ake so shine a bar ruwa mai ɗan sanyi yana zuba a wajen har minti 20, ba ƙanƙara ba, ruwan famfo kawai, a cire kayan da basu manne ba, a rufe da abu mai tsafta a tafi asibiti. Minti ashirin ɗinnan da ban samu ba, na sha zama ina lissafa su.

Washegari aka kawo mai maganin ƙuna, wani dattijo da aka ce gadon gidansu ne. Yayi tofi, ya shafa wani abu baƙi, sannan ya lulluɓe wajen da gashin zomo yace kar a taɓa, idan ya warke da kansa gashin zai faɗo. Kwana tara nayi a haka. Ranar na goma Abba ya shigo ɗakin yaji wari, ga zazzaɓi ina ta sambatu, bai tsaya shawara da kowa ba ya ɗauko mai adaidaita. A asibiti nas ɗin da ta fara buɗewa sai da ta juya ta kalli Umma, bata ce komai ba amma kallon ya isa. Cire gashin nan daga cikin ciwo, jama'a, ya fi min ƙunar kanta azaba. Ɗaya bayan ɗaya, ana jiƙawa ana tsinta. Sallar shekarar a gadon asibiti nayi ta, kuma sai da aka yi sati bakwai ana wankin ciwo kafin wajen ya rufe duka.

Da ya rufe murna muka yi har da sadaka. Wajen yayi sumul, ja-ja haka kamar fatar jariri, Umma tana cewa kinga, da sannu launin zai dawo. Likitan da ya sallame mu ya rubuta mana wata riga mai matsewa yace in dinga sawa kusan awa 23 a rana na tsawon watanni, da wani faifan silikon da ake mannawa. Rigar sai an yi odarta ga tsada, da aka samo kuma sati biyu na iya sawa, zafin garin nan ga ƙaiƙayi ga kunya a makaranta, na cusa ta ƙasan akwati kowa yayi shiru don a ganinmu ai an riga an warke.

Wajen wata biyu bayan nan sai abin ya fara tasowa. Kaɗan kaɗan. Ya yi kauri, ya yi tauri kamar an ɗora min ƙirgi, launin ya koma baƙi-baƙi mai ja a ciki yana sheƙi. Sai ƙaiƙayi. Wanda bai taɓa ji ba bazai gane ba, ƙaiƙayi ne daga can ciki wanda farce baya kaiwa, in tashi tsakar dare ina dukan wajen da tafin hannu. Da hunturu kuma ya bushe ya tsage. Abinda yafi damuna wanda ban faɗa ma kowa ba, wata jijiya-jijiya ce da ta fito daga ƙasan kunne zuwa ƙashin wuya kamar igiya, in zan waiga dama sai ta riƙe ni. A sallah idan nazo sallama sai dai in juya da kafaɗuna gaba ɗaya. A hankali na saba har na manta cewa ba haka mutane suke yi ba.

Maganar samari ma ba sai na ja ta ba. Hijabi yana rufe komai sai ɗan abinda ya hauro ƙasan haɓa, toh amma ke kin san abinda ke ciki, duk wanda yazo da maganar kirki sai in fara neman hanyar korarsa tun kafin shi ya gudu. Wanda Allah ya nufa shine mijina, ranar da naga da gaske yake na tura Yayata ta faɗa ma yayarsa komai, nace har ta nuna mata hoto. Amsar da ya aiko wai shi ma yana da tabon kaciya ko za'a fasa. Na yi dariya na yi kuka. Amma duk da haka raina bai kwanta ba, mace ce ni, ina son in sa leshi mai buɗaɗɗen wuya ranar kamu kamar kowa.

Nan ne na shiga hannun masu haɗin mai. Ƙarshen 2019, biki saura wata huɗu. Wata ta haɗa min wani mai a roba babu suna babu komai, tace sati uku tabon zai baje. Abinda ya faru shine fatar da ke kewaye tayi fari tas, tabon yana nan da baƙinsa, sai ya ƙara fitowa raɗau kamar an zana taswira a farar takarda. Fatar kuma tayi siriri har jijiyoyi ake gani. Daga baya na gane irin mayukan nan yawanci da siteroid mai ƙarfi da sinadarin bilicin a ciki.

Sai wata ƙawata ta nuna min wani wajen gyaran jiki a waya, suna tallan cire tabo da leza, wato wani haske mai ƙarfi da inji ke fitarwa, ga hotunan kafin da bayan, wai zama uku an gama. Na ɗauki kuɗin adashina na tafi ban faɗa ma kowa ba. Waje mai kyau, esi, ƙamshi, 'yan mata da fararen riguna kamar likitoci. Babu wadda ta tambaye ni yaushe na ƙone, ko me nake shafawa, ko in naji ciwo fatata tana yin baƙi. Aka shafa min wani ruwa mai yauƙi, aka ɗora wani abu mai kan gilashi, yana walƙiya kamar filashin kamara, kowace walƙiya kamar an tsula min roba mai zafi. Nace da zafi fa, tace alamar yana aiki kenan Anti. Kafin dare wajen ya ɗuri ruwa, ba ma kan tabon kawai ba, har lafiyayyar fatar gefe, sawun kan injin ya fito rangaɗau murabba'i murabba'i a kafaɗata. Garin neman gira na kusa rasa ido. Da na koma suka ce wai jikina ne baya karɓa. Ranar kamu da rufaffen wuya na fito, kuma har yau akwai wani ɗan fili fari a kafaɗar da launinsa bai dawo ba.

Daga nan na rantse ni da leza har abada. Duk wanda ya kawo min maganar sai ince 'yan damfara ne.

A 2023 ne ƙaiƙayin ya dawo min sabo bayan na yaye 'yata ta fari, ga igiyar nan ta ƙara ɗaurewa har kaina ya fara ɗan karkata, maigidan ne ya lura a hoto. Shi ya matsa muka je wajen likitar fata, wata mata mai ɗan shekaru, a wani asibitin kuɗi a Abuja da abokin aikinsa ya kwatanta masa. Ina zama nace Likita ni dai kar ki ce min leza. Ta yi murmushi tace toh Malama bari mu fara gani. Ta kusa minti arba'in tana dubawa, tana matsawa da yatsa, tana sa ni waiga nan waiga can, ta auna iya inda wuyan yake tsayawa ta rubuta. Da taga sawun nan na kafaɗa tace wannan ai ba leza bace aka yi miki. Tace wata fitila ce mai ƙarfi da ake kira IPL, haske take watsowa kala-kala a haɗe, leza kuwa haske ne ƙwaya ɗaya tal mai tsawon zango ɗaya. Shi wannan tarkacen hasken, sinadarin da ke ba fatarmu launi wato melanin yana zuƙe shi sosai, toh a jikin farar fata sai ya wuce ya sami abinda aka aike shi, a jikin irinmu kuwa tun a bakin ƙofa melanin yake tare shi ya koma zafi ya ƙona saman fata. Tace ko da ma bai ƙona ki ba, ba shine maganin tabo mai kauri irin naki ba.

Sai ta min bayanin da tunda nake babu wanda ya taɓa min, ni da nake koyar da darasin fata a aji. Tace fata hawa biyu ce babba, ta sama siririya wadda kullum take saɓulewa tana sabuntuwa, in ciwo ya tsaya a nan baya barin tabo, shi yasa ƙujewa take ɓacewa. Ta ƙasa ita ce mai kauri, a nan tushen gashi yake da hanyoyin gumi da jijiyoyin jini, kuma an gina ta ne da wasu zarurruka da ake kira kolajin. Ta ɗauko gefen mayafina tace kalli saƙar nan, zare ya tafi nan wani ya gitta, kamar tabarma, shi yasa in kika ja ta kowane ɓangare yake bada kai ya dawo. Haka kolajin lafiyayyar fata yake. Amma idan ciwo ya kai ƙasa, jiki ba ta kyau yake ba, ta rai yake, so yake ya toshe ƙofa kafin ƙwayoyin cuta su shigo, sai ya dinga jera zaren a layi ɗaya cunkus cunkus babu gittawa, kamar ɗinkin gaggawa. Wannan facin shine tabo. Babu gashi a cikinsa, baya gumi, baya fidda maiƙo, shi yasa yake bushewa, kuma ko ya gama nuna ƙarfinsa baya wuce wajen kashi 80 cikin 100 na asalin fata.

Na tambayeta toh me yasa nawa ya taso, ga Goggona da zanen gado a kumatu har shida shida amma nata a kwance lafiya lau? Tace aska mai kaifi ce, yanka siriri, cikin 'yan kwanaki ya haɗe. Naki sati bakwai yana buɗe ga ƙwayoyin cuta. Duk ƙunar da ta wuce sati uku bata rufe ba, yawanci sai tabon ya yi tudu, saboda masu aikin facin an bar su suna ta zuba kolajin babu mai ce musu ya isa. Kuma bayan ciwo ya rufe aiki bai ƙare ba, jiki yana shekara ɗaya har biyu yana warwarewa yana sake jerawa, a wannan lokacin ne rigar matsi da silikon suke amfani. Wato rigar da na cusa a akwati. Kuma facin yana tsukewa da kansa don ya jawo bakin ciwo, a wuya ko gwiwar hannu ko hammata wannan tsukewar ita ce take zama igiya.

Na kawo mata zancen 'yar Goggon tawa da ta ƙara hujin kunne na sama, wajen ya fito da tsiro tun yana kamar gyaɗa har ya kai lemon tsami, an yanke sau biyu yana dawowa ya fi da. Tace wannan daban, kiloid kenan, shi baya tsayawa a iyakar ciwon, ƙetarawa yake ya ci lafiyayyar fata, kuma yafi yawa a baƙar fata, yana bin dangi. Nawa ya tsaya a iya inda mai ya taɓa. Tace ki faɗa mata kar ta sake bari a yanke shi haka kawai, in ba a haɗa da allurai ko wani abu bayan yankan ba dawowa yake, kuma kar wani ya ruɗe ta da cewa leza kaɗai zata cire shi.

Sannan ta faɗi maganar da tasa na yarda da ita. Tace Malama ni ba zan goge miki tabon nan ba, babu injin da zai goge shi, duk wanda yace miki zai mayar da wajen kamar ba'a taɓa ƙonewa ba kuɗinki yake so. Abinda nake sa rai shine yayi laushi, ya kwanta, ƙaiƙayin ya ragu, wuyan ya saki. In igiyar taƙi saki akwai ƙaramar tiyata da ake yanka ta a siffar harafin Z a sauya mata hanya, sai in tura ki wajen masu yi. Wlh sai naji wani abu ya faɗo min daga ƙirji, don duk shekarun nan masu cewa zasu goge ne suka cuce ni.

Da na kira Umma nace za'a min leza, sai tace innalillahi, reza kuma? Yanka ki zasu yi? Nace a'a Umma leza, haske ne. Tace hasken ne zai warkar da ƙuna, wuta a kan wuta? Har yau in ta tashi tambaya cewa take ya maganar rezar taki.

Kuma fa Umma bata yi ƙarya ba, wuta ce a kan wuta, sai dai mai lissafi. Ni da son bin diddigi sai da na kwana biyu ina karatu a waya. Ashe lezar ma kala-kala ce, kowacce da abinda take nema a cikin fata. Wasu likitoci biyu a Boston ta Amurka, Anderson da Parrish, su suka fito da wannan dabarar a 1983, cewa in ka zaɓi hasken da abu ɗaya ne yafi zuƙarsa kuma ka sake shi na ɗan ƙiftawa, zaka ƙona wannan abun kaɗai ka bar maƙwabtansa. Akwai mai neman jan jini, zangonta 585 ko 595 a ma'aunin nanomita, ita ake ma sabon tabo mai ja don ta rage ƙananan jijiyoyin da ke ciyar dashi, amma likitata tace a fatata melanin zai yi mata kishiya don haka bata fara da ita ba. Akwai mai 1064 da take wuce saman fata bata cika kula melanin ba, ita aka fi amincewa da ita a baƙar fata. Tawa kuwa ta iskar kabon ce, CO2, zangonta 10,600, ita ruwa take nema, kuma yawancin naman jiki ruwa ne. Da can da ita ake kankare saman fata gaba ɗaya, wanda a irin fatarmu kasada ce babba. Sai a 2004 shi Anderson ɗin da wani abokin aikinsa Manstein suka kawo salon rarrabawa, maimakon a ƙone fili duka sai a huda ƙananan ramuka sirara kamar bakin allura a bar lafiyayyen nama a tsakaninsu, kamar rariya. Naman da aka bari shi yake saurin rufe ramukan cikin kwanaki, ramukan kuma sun karya cunkusasshen zaren nan, sai jiki ya dawo ya sake ɗinkin a nutse, wannan karon babu gaggawa babu ƙwayar cuta.

Akwai ma wani ma'auni na launin fata daga 1 zuwa 6 da wani likita Fitzpatrick ya fara tsarawa tun 1975, likitata tace ni ina 5, kuma daga 4 zuwa sama dole a sassauta hannu don fatar tana saurin yin baƙi bayan duk wani rauni. Don haka bata ma fara ba sai da tasa na daina duk wani mai na wata guda, sannan tayi gwaji a ɗan waje kamar girman kwabo a bayan kafaɗa tace je ki dawo bayan sati shida mu ga yadda fatarki zata amsa. Kuɗin mota zuwa Abuja don ɗan wannan ɗigon, maigidan har ya ɗan yi mita, nace ai waɗancan da basu yi gwaji ba kaga aikinsu.

Ranar zaman farko an lafta min man kashe zafi aka rufe da leda na kusan awa ɗaya. Aka sa min wani tabarau mai duhu, ita ma da nas ɗin kowa da nasa. Tace kashi 5 cikin 100 na filin kawai zata taɓa amma zata shiga da zurfi. Ƙarar kamar ta keken ɗinki, tatatata, ga wani bututu yana zuƙe hayaƙi, warin kuwa sak babbakar kan rago ranar layya, wlh sai da warin ya mayar dani ƙofar kicin ɗinmu na 2014 jikina ya hau rawa, nas ɗin ta riƙe min hannu tana sannu Anti saura kaɗan. Zafin kansa bai kai yadda na zata ba sai a kan igiyar. Minti ashirin an gama. Tun ramukan suna buɗe ta shafa maganin siteroid na ruwa ta murza, tace ta nan zai shiga ciki inda shafawa ta yau da kullum bata kaiwa. Na ce ba siteroid ne ya ɓata min fata ba? Tace shine, bambancin awo ne da inda aka sa shi.

Kwana biyu wajen a kumbure yana raɗaɗi kamar an shafa barkono, yana ɗan tsattsafo ruwa. Vaseline kawai da wanki da ruwa mai tsafta. Sai ƙananan ɓawo ɗigo ɗigo kamar an barbaɗa gero, cikin sati suka zube. Sannan wajen yayi baƙi fiye da da. Hankalina ya tashi na kirata ina kuka nace an koma gidan jiya, tace na faɗa miki zai yi, ki guji rana, ki dinga shafa man kariyar rana mai lamba 30 ko sama ko da kina cikin hijabi, zai washe. Ya ɗauki kusan wata uku kafin ya washe. Ta kuma haɗa ni da masu gashin ƙashi suka koya min miƙar wuya da murza tabon safe da yamma, da silikon da dare, tace in baki yi wannan ba kuɗin lezarki kike zubarwa.

Kuɗin kuwa ba wasa ba, zama ɗaya ya fi albashina na wata, ga mota ga masauki. Ɗan kunne da sarƙar aurena suka tafi a ciki. Shi yasa bana iya buɗe baki in ce ma kowa je ki yi, nasan ba kowa ke da sarƙar sayarwa ba, kuma abin yana min ciwo idan na tuna ruwan randar da ke gefena kyauta ne.

Na yi zama uku, sati takwas takwas tsakani, sai ciki ya ɓullo ta ce a dakata sai na haihu. Bayan zama na biyu ne na fara lura, ba ma da ido ba, wata safiya na farka na ga ashe ban tashi susa ba ko sau ɗaya. Na zata dace ne. Aka yi sati. Barci mai daɗi irin wanda na manta dashi. Tabon kuma in na matsa sai ya ɗan lotsa ya biyo yatsa, da kuwa kamar katako.

Ina da tsohon cikin nan 'yata ta jawo kofin shayin babanta ya zube mata a hannu, a gidan surukata muke. Ban san lokacin da na sunkuce ta sai bakin famfo ba. Hajiya tana a kawo ƙwai, a kawo man goge baki, ke zaki sa hannun ya tashi, ni kuma tunda aka yi aurena ban taɓa musa mata ba amma ranar nace Hajiya ki yi haƙuri ki gafarce ni, na ɗan janye wuyan hijabina na nuna mata nace wannan ƙwai ne da gashin zomo. Bata taɓa gani ba sai ranar. Ta yi shiru, can sai ta jawo kujera ta zauna ta karɓi wayar tana duba min lokaci har minti ashirin suka cika, sannan muka tafi asibiti. Kwana goma hannun ya warke, yanzu sai na nuna maka wajen zaka gane.

Bayan na haihu na koma na yi zama biyu a 2025. Tabon yana nan, kar wani ya zata ya tafi, duk wanda ya kalla zai san na ƙone, launinsa ba ɗaya da sauran jikina ba kuma farin filin nan na kafaɗa ko gezau. Tudun dai ya kwanta sosai, gefe-gefen ma ya kusa daidai da fata, tiyatar Z ɗin likitar tace a bari tukun mu ga shekara mai zuwa. Ita kuma 'yar ajin nawa na kira mamanta mun yi magana, tabon wata biyar ne kacal bai gama nuna ba, na kwatanta musu asibitin koyarwa ɓangaren masu gyaran ƙuna, an rubuta mata silikon da safar matsi, kuma kullum da safe sai na duba ko ta saka, in bata saka ba mu haɗu a ofis.

Azumin da ya wuce muna tarawihi a masallacin unguwa, liman yayi sallama nima nayi, sai kawai naga fuskar matar da ke damana sosai har da ɗan kwallin idonta, kafaɗuna kuma suna kallon gabas basu motsa ba. Na sake waigawa don in tabbatar. Na sake. Matar ta ɗan matsa tace lafiya baiwar Allah, ko kin sanni ne? Nace a'a Hajiya yi haƙuri, wuyana nake gwadawa.